Takwara a Shingen Magama

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san inda mota ke tsayawa a Magamar Jibiya, direba ya kashe inji, fasinjoji su shiga laluben aljihu. Tsakanin biranen biyu bai cika kilomita 100 ba, kuma mutanen ɓangarorin nan dangin juna ne tun kafin Ingila da Faransa su ja layi a tsakaninsu da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Sarautar Maraɗi ita kanta daga Katsina ta fito, bayan da jihadi ya kori sarakunan Haɓe a farkon ƙarni na 19. Amma idan matafiyi ya miƙa takardarsa ta taga a yau, babu mai tambayarsa tarihin kakanni. Tambayar da za ta nuna ko zai kwana a Maraɗi ko zai yini a kan benci gajeriya ce, kuma wani jerin sunaye ake yi wa ita: wannan mutum yana ciki?

Masu rubuta manhaja suna da hanyar amsa wannan tambaya da suke koya tun a watannin farko na karatu. Ana ajiye bayanai a jeri, kamar rumfunan kasuwa da aka bai wa kowacce lamba, sai dai ƙidayar a yawancin harsunan kwamfuta daga sifili take farawa. A ba kwamfuta sharaɗi, ta fara daga rumfar farko, ta duba, ta wuce ta gaba, har ta iske wadda ta cika sharaɗin. Da ta same ta sai ta tsaya, ta miƙo abin da ke ciki, ba ta ƙara waiwayar sauran ba. A harshen JavaScript sunan umarnin find, kuma a shekarar 2015 ya shiga ƙa'idojin harshen. A Java sunansa findFirst tun fitowar Java 8 a 2014. A Python ana haɗa next da sharaɗi a samu sakamako iri ɗaya. Layi guda ne:

`jeri.find(m => m.suna === "Sani Abdullahi")`

Layin yana da kyan gani, yana da sauri, kuma a mafi yawan wuraren da ake amfani da shi babu laifi a tare da shi. Sai dai akwai hukunci a ɓoye a cikinsa wanda mai rubutawa ba safai yake lura ya yanke ba. Ya yanke cewa idan mutum biyu ko goma suka dace da sharaɗin, wanda ya riga shiga jerin shi ne ake nufi. Ya kuma yanke cewa wanda ke zaune gaban allon ba ya bukatar sanin akwai sauran tara. Matsayar wannan rubutu ita ce, a duk inda sakamakon binciken zai taɓa 'yancin mutum ko dukiyarsa ko abincinsa, wannan hukunci ya fi ƙarfin mai rubuta manhaja shi kaɗai, kuma hukumar da ke sayen manhajar ce ya kamata ta yanke shi a rubuce.

Dalili na farko yana cikin sunayen kansu. Bahaushe bai gaji sunan iyali irin na Turawa ba. Sunan yanka ne, sai sunan uba, wani lokaci a ƙara da na gari ko na sana'a. Sunayen yankan kuma daga ƙaramin rumbu ake ɗebo su, shi ya sa a aji ɗaya na firamare sai a tarar da Sani Abdullahi uku, malami ya koma rarrabe su da babba da ƙarami da na unguwar kaza. Kalmar takwara ba a banza ta samu gindin zama a harshen ba. A kan iyaka lamarin ya ninka, domin suna ɗaya yana sanye da riga biyu. Wanda aka rubuta Usman a Katsina, Ousmane ne a Maraɗi. Yusuf ya zama Issoufou, Abubakar ya zama Aboubacar ko Boubacar, kuma a gida Garba ko Habu ake kiransa. Muhammadu kuwa ba a magana: Mohammed, Muhammad, Mahamadou, Mamman, Mamane. Ɗanladi ya rasa ƙugiyarsa a fasfo ya koma Danladi. Garin da ake maganar ma ana rubuta shi Jibia a takardun gwamnati, Jibiya a rubutun Hausa.

Saboda haka mai rubuta manhaja yana tsaka mai wuya. Idan ya tsaurara sharaɗin, ya ce sai harafi ya dace da harafi, wanda ake nema da sunan Usman zai wuce salin-alin da takardar Ousmane. Idan ya sassauta, ya ce a kamo duk sunan da ya yi kama a furuci, to rabin motar ya dace. Dabarun kamanta suna ta hanyar sauti tsofaffi ne, domin wanda ake kira Soundex tun 1918 aka yi masa rajista a Amurka, kuma da sunayen Turawa aka auna shi. Kowace sassautawa tana ƙara yawan waɗanda suka dace, kuma duk lokacin da suka ƙaru, zaɓen na farko a cikinsu sai ya ƙara zama canki-canki.

Wani zai ce ai ba suna kaɗai ake dubawa ba, akwai ranar haihuwa. Gaskiya ne, amma a wannan yanki ita ma ba ta raba gardama yadda ake zato. Dattawa da yawa a Nijar takardunsu na cewa an haife su "wajen" shekara kaza, ba wata ba rana, kuma idan aka zo shigar da su kwamfuta sai a cike gurbin da 1 ga Janairu. A Najeriya ma haka ake yi wa wanda bai san ranarsa ba. Idan aka haɗa suna mai yawan takwarori da ranar haihuwar da dubban mutane suka yi tarayya a kanta, an dawo inda aka fara.

Tambayar da ta fi muhimmanci, wadda ba a cika yi ba, ita ce: wa ya sa na farkon a farko? Jeri ba ya jera kansa. Wani lokaci tsarin shigarwa ne, wanda aka fara rubutawa shi ke gaba. Wani lokaci tsarin haruffa ne. Wani lokaci kuma babu tsari ko kaɗan. A rumbun bayanai mai amfani da harshen SQL, idan aka ce a kawo layi ɗaya kacal ba tare da an faɗi yadda za a jera ba, rumbun ba ya ɗaukar alkawarin wanda zai kawo. Yau ya kawo wannan, bayan an yi masa gyara ya kawo wancan, kuma bai saɓa wata ƙa'ida ba. Masu tsara Java sun yi adalcin bayyana wannan a fili: kusa da findFirst suka ajiye findAny, wanda sunansa ke cewa ko wanne aka samu a kawo. Sau da yawa abin da ake kira "na farko" a manhajojin ofis, ko-wanne ne da ya ari rigar na farko.

A ɗauka akwai layuka biyu masu suna ɗaya a jerin waɗanda aka sa wa ido. Na sama tsoho ne, an bincika an wanke mai shi, an rubuta haka a gefensa. Na ƙasa sabo ne, ana neman mai shi ruwa a jallo. Manhajar da ke tsayawa a na farko za ta nuna wa jami'i wankakken layi, wanda ake nema ya karɓi takardarsa ya wuce. A juya tsarin, sai ɗan kasuwar da aka wanke bara ya koma zaman benci duk ranar da ya zo. Kuskuren guda ne, kuma yana yanka ta gefe biyu, don haka wanda tsaro ya dama da wanda haƙƙin matafiyi ya dama ya kamata su haɗu a kansa.

Akwai kuma akasin takwara, wato mutum ɗaya mai layuka da yawa. Wannan kan iyaka ta sha rufewa da buɗewa: an rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. A 29 ga Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, ƙasashen uku suka fito da fasfonsu na ƙawancen Sahel, alhali tsohon mai tambarin ECOWAS bai daina aiki ba. Ba abin mamaki ba ne mutumin Madarunfa ya ratsa bara da takarda ɗaya, bana da wata. Idan layukansa biyu ne, wanda ya fi dacewa da yau shi ne na ƙarshe, kuma shi ne wanda binciken da ke farawa daga sama ba zai taɓa kaiwa gare shi ba. JavaScript ba ta samu umarnin findLast a ƙa'idance ba sai 2023.

Duniya ta ga abin da takwara ke jawowa a bakin iyaka. A ranar 31 ga Disambar 2003 aka sauke Khaled el-Masri, ɗan ƙasar Jamus, daga motar bas a kan iyakar Masedoniya, saboda sunansa ya yi kama da na wani da ake zargi da alaƙa da Alƙa'ida. An tsare shi kwana 23 a wani otal a Skopje, aka miƙa shi ga hukumar leƙen asirin Amurka, aka kai shi Afganistan, ba a sake shi ba sai ƙarshen Mayun 2004, a gefen wata hanya a Albaniya. A Disambar 2012 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta kama Masedoniya da laifi. Mutane ne suka yanke wancan hukunci da hannunsu, amma tunanin da ya ja su shi ne dai wanda ke cikin layin nan guda: an samu wanda ya dace, a daina dubawa. A 2004 kuma Sanata Edward Kennedy ya shaida wa majalisar dattawan Amurka cewa an sha tare shi a filin jirgi saboda wani "T. Kennedy" da ke cikin jeri, kuma sai da ya ɗauki makonni kafin a gyara. Wannan sanata ne da ke iya ɗaga waya ya kira minista. Mai kai tumatir Maraɗi ba shi da lambar kowa. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce kama da wane ba wane ba ne.

Ya kamata a yi wa manyan tsare-tsare adalci. Hukumar Shige da Fice ta Najeriya tana amfani da MIDAS, manhajar da Hukumar Ƙaura ta Duniya ta ƙirƙira a 2009, wadda ke ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu tare da bayanan fasfo. Rumbun Interpol na takardun tafiya da aka sace ko suka ɓata, wanda aka kafa a 2002, da lambar takarda yake aiki. Lambar NIN mai alƙaluma 11 an yi ta ne domin kada mutum biyu su yi tarayya a kanta. Inda mabuɗin binciken lamba ce da ba ta da takwara, tsayawa a na farko daidai ne, tunda babu na biyu. Haɗarin ya fi yawa a ƙananan jeri da ke kewaye da babban tsarin: jerin direbobi na ƙungiya, jerin 'yan kasuwar da suka biya kuɗin shiga, jerin masu karɓar tallafi. Tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi, da yawansu babu ko takarda ɗaya a hannu. Jerin rabon abinci na irin waɗannan mutane suna ne da sunan uba da ƙauye. Idan Hauwa Musa biyu suka fito daga ƙauye ɗaya, manhajar da ke tsayawa a ta farko za ta ce wa ta biyu ta riga ta karɓa.

Kuma ba sai ƙwararren mai manhaja ne ke rubuta irin wannan ba. Duk akawun da ya taɓa amfani da VLOOKUP a Excel ya rubuta shi. Umarnin yana kawo layin farko da ya dace, ya yi shiru game da sauran. Mafi muni, idan aka manta da sharaɗinsa na huɗu, yana ɗauka cewa kusan-daidai ake so, kuma jerin a tsare yake daga ƙarami zuwa babba. Idan ba a tsare yake ba, sai ya kawo layin wani daban ba tare da ko alamar gargaɗi ba. Sai a 2019 Microsoft ta fito da XLOOKUP, wanda ke neman daidai-wa-daida idan ba a ce masa komai ba, amma shi ma na farko yake kawowa.

Hujjar da aka fi kare tsayawa a na farko da ita ita ce sauri, kuma ba hujjar wasa ba ce ga wanda ya ga layin tireloli a Magama, ga zafi, ga wutar da ba ta da tabbas. Lissafin ya ce idan abin da ake nema yana cikin jerin, tsayawa da wuri yana rage aikin da kusan rabi a matsakaici. Amma a lura da sharaɗin: idan yana ciki. A kan iyaka mafi yawan matafiya ba sa cikin jerin waɗanda ake nema, kuma kafin kwamfuta ta ce mutum ba ya ciki dole ta duba har gurbin ƙarshe. Ke nan a kan mafi yawan fasinjoji tsayawa da wuri bai rage komai ba. Saurin gaske daga tsara jerin yake zuwa. Idan sunaye na jere bisa haruffa, ana buɗe tsakiya, a watsar da rabin da ba ya ciki, a sake raba ragowar, kuma a jeri mai suna miliyan ɗaya taku 20 ya isa. A irin wannan jeri takwarori maƙwabtan juna ne, wanda ya iske ɗaya ya iske duka. Kawo su gaba ɗaya bai kai ƙiftawar ido ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Idan allo ya nuna wa jami'i sunaye bakwai ya ce ya zaɓa, an ba shi iko, kuma inda iko ya haɗu da matafiyi mai gaggawa, na goro ba ya nisa. Wasu za su ce gara hukuncin inji, ko da makaho ne, da hukuncin mutum mai aljihu. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai injin da ke ɓoye sauran shidan bai kawar da ikon ba, ya mayar da shi ne hannun wanda ya jera jerin, wanda babu mai ganinsa, babu kuma mai iya ƙalubalantarsa. Zaɓin jami'i ana iya rubuta shi: wane ne ya duba, da ƙarfe nawa, sunaye nawa ya gani, wanne ya ɗauka, da wane dalili. Mai bincike zai iya zuwa bayan wata shida ya karanta. Zaɓin find ba ya barin sawu.

Abin sha'awa shi ne maganin yana nan a ofishin da ke maƙwabtaka, wajen jami'an kwastan. Tsarin rarraba kaya na duniya, wanda ya fara aiki a 1988 kuma harajin bai-ɗaya na ECOWAS mai matakai 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari ya ginu a kansa, ya san da cewa kaya ɗaya na iya dacewa da aji biyu. Bai bar wa sa'a ba. Ƙa'idarsa ta uku ta shimfiɗa matakai. Da farko a ɗauki ajin da bayaninsa ya fi keɓanta da kayan, shi ya sa kafet ɗin da aka yanka domin mota yake shiga ajin kafet maimakon tarkacen kayan mota. Idan wannan bai raba ba, a duba abin da ya ba kayan ainihinsu: jakar kayan aski mai injin aski da almakashi da mataji da tawul, ajin injin askin take bi. Idan har yanzu an yi kunnen doki, sai a ɗauki ajin da ya zo ƙarshe a jerin lambobi. Na ƙarshe, ba na farko ba. Ana iya gardama a kan ko wannan ya fi hikima, amma an rubuta shi, ɗan kasuwa da wakilinsa na iya karantawa, kuma wanda bai gamsu ba yana da abin da zai riƙe ya ɗaukaka ƙara. Buhun kaya ya samu ƙa'idar raba gardama mai hawa uku. Zai yi wuya a kare cewa mutumin da ya ɗauko shi bai cancanci ko hawa ɗaya ba.

Kayan aikin ma suna nan, ba sai an ƙirƙiro ba. A harshen C# akwai First, akwai kuma Single, wanda ke ƙin ba da amsa ya ɗaga kuskure idan ya tarar da fiye da ɗaya. Tsarin Django na Python haka umarninsa get yake yi. A JavaScript, filter yana kawo duk waɗanda suka dace, sai a ƙirga. Tambayoyi uku ne daban da ake cakuɗawa: akwai ko babu, su nawa ne, wanne ne a ciki. Umarnin find yana amsa ta farko, ya tsallake ta biyu, ya yi kamar ya amsa ta uku.

Ko a tambayar farkon ma akwai rami. Umarnin indexOf yana dawo da lambar gurbi, ko kuma -1 idan bai samu ba. Da yake ƙidaya daga sifili take farawa, wanda ya rubuta "idan lambar ta fi sifili" a maimakon "idan ta kai sifili" ya buɗe ƙofa ga mutum ɗaya tak, wato wanda sunansa ke saman jerin. Gwaji ɗari zai wuce lafiya ba a gano ba, sai an tuna an gwada da suna na farko.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta bai wa mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi ta hanyar inji kaɗai, da haƙƙin a gyara bayanansa idan akwai kuskure. Ta kuma yi togaciya ga ayyukan tsaron ƙasa da binciken laifi, wato daidai inda shingen kan iyaka yake. Saboda haka ba a kotu za a fara gyara wannan ba, a takardar kwangila ne. Hukuma ko ƙungiyar agaji ko ƙaramar hukuma da ke ba da aikin manhajar da za ta binciki sunayen mutane tana iya sa sharaɗi cikin jimloli kaɗan: kada a yanke komai da suna kaɗai idan akwai lamba, idan fiye da ɗaya suka dace a nuna adadinsu a kan allo, a rubuta ƙa'idar da ake bi wajen fifita wani layi a kan wani, wanda aka tare bisa kuskure aka wanke, a ba shi shaidar da za ta hana a maimaita masa gobe. Kafin a karɓi aikin kuma a gwada shi da Sani Abdullahi uku, biyu daga ciki haihuwar 1 ga Janairu, ɗaya da rubutun Faransanci.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai ratsa. Ranar da jirgi ya fara tsayawa a can, fasinjojin da motoci ke kawowa goma-goma za su riƙa sauka ɗaruruwa a lokaci guda, kuma matsin a sallame su da sauri zai fi na yau nesa ba kusa ba. Manhajar da za ta tantance su wani ne zai rubuta ta, bisa takardar sharuɗɗan da wani jami'i zai sa wa hannu tun kafin a gama shimfiɗa ƙarfen.